Umbria, Jirgin da Ke Kwance Ƙarƙashin Hanyar Alhazai

Mutanen ƙasarmu ta Gobir, tun daga Tsibiri har Gidan Rumji da Cadakori da sauran garuruwan da ke bin gaɓar Gulbin Maraɗi, ba ma'abuta teku ba ne, domin ruwan da muka tashi muka sani shi ne na rijiya, da na tabki, da na gulbin nan da yake zuwa da damina ya janye da kaka. Amma duk da haka da wuya ka sami tsohuwa a garuruwan nan wadda ba ta san sunan Bahar Maliya ba, ko dai saboda ƙissar Annabi Musa, alaihis salamu, da halakar Fir'auna, ko kuwa saboda wani nata da ya ɗaura niyyar sauke farali, ya bi hanyar gabas da ƙafa, aka yi ta sauraron labarinsa shekara da shekaru. Hanyar kuwa sananniya ce ga magabata. Daga Kano ko Damagaram a faɗa Barno, a ƙetare zuwa garin da yau ake kira Njamena, a wuce Abashe da Janaina da Fashir, har a kai Ubayyid, inda layin dogo ya iso tun 1912. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya yada zango a Jazira, ya yi ƙwadagon auduga, musamman bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, in ya tara abin da zai kai shi ya ci gaba, in aure da ƴaƴa sun riƙe shi ya zauna. Wasu kuma hijira ce ta kai su, kamar jama'ar da ta bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi shahada a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Ƙarshen hanyar tudu dai Sawakin ne, inda mutum yake fara ganin ruwan da ba shi da gaɓa ta biyu, ya san cewa tsakaninsa da Jidda babu sauran tafiyar ƙafa.

Ƙanen kakana yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya, ya yi hajjinsa, ya komo ya zauna a Bur Sudan, wato Fot Sudan, har ajalinsa ya riske shi a can. Sada zumunci da zuriyarsa shi ne babban dalilin tafiyata. Dalili na biyu kuwa, wanda ban bayyana wa mutanen gida ba sai da na tabbata ba za a ɗauke shi wauta ba, shi ne wani jirgin ruwa na zamanin yaƙin duniya na biyu da ke nutse a bakin wannan gari, wanda na fara jin labarinsa a Dakar, lokacin da aiki ya zaunar da ni can, na koyi nutso da tukunyar iska a hannun masu sana'ar, har na sami takardar shaidar da ke ba mutum izinin sauka mita 30. Masu koyar da mu, duk sa'ad da hira ta biyo ta kan jiragen da suka nutse, sai sun ambaci guda biyu a Bahar Maliya: Thistlegorm na Ingilishi, wanda jiragen saman Jamus suka nutsar a watan Oktoba na 1941 kusa da Sina'i, da Umbria na Italiya, wanda ba wanda ya harbe shi, mutanensa ne suka nutsar da shi da hannunsu.

Tafiyar da ta ci wa kakanninmu shekaru, ni ban isa in kira tawa tafiya a gabanta ba. Mota daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, daga nan Katsina da Kano, jirgin sama zuwa Hartum, sa'an nan babbar motar fasinja da ta bi da mu ta Atbara da Hayya cikin hamada mai baƙin dutse, ta hau tsaunuka wajen Sinkat, ta gangaro ta wata mashiga mai lanƙwashe-lanƙwashe, sai ga iska ta sauya, ta yi nauyi, tana ɗauke da gishiri. Wannan kuwa ƴan shekaru ne kafin yaƙin da ya afka wa Sudan a 2023. Mun ratsa ta Sawakin, wadda ke kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan, na ga tsohon garin da ke kan tsibiri, gidajen da aka gina da dutsen murjani sun zube sun zama tudu, sai masallatai da ƴan bangaye da ke tsaye. Ingilishi ne suka kashe kasuwarta sa'ad da suka fara gina sabuwar tasha a 1905 domin manyan jiragen da mashigar Sawakin ta yi wa ƙunci, amma alhazai ba su daina bi ta nan ba, har yau kuma daga nan jiragen fasinja ke tashi zuwa Jidda.

A Bur Sudan na sauka wajen ɗan wannan ƙanen kaka nawa, dattijo mai farin gemu wanda bai taɓa ganin Gobir ba, amma Hausarsa ta fi tawa tsufa, akwai kalmomi a bakinsa da rabona da jin su tun rasuwar kakata, sai dai yakan yayyafa musu Larabci ba tare da ya lura ba. Hausawa a garin suna da yawa, suna zaune a unguwannin da ake kira daim, tsakanin Hadandawa da Bani Amir da Larabawan kogi da mutanen yamma, wasu dako suke yi a tasha, wasu ɗinki, wasu su, wasu kuma agashe, naman da duk Sudan ta san daga hannun mutanenmu ya fito. Da na gama isar da gaisuwar gida ɗaya bayan ɗaya, aka sha gahawar jabana mai citta, sai na faɗa masa niyyata. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ubana ya ƙetare wannan ruwa yana karanta duk addu'ar da ya haddace don kada ya shiga cikinsa, kai kuma ka biya kuɗi daga Gobir don ka shiga? Me shari'a ta ce game da mai kai kansa ga halaka?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, tambayarka a kan hanya take. Abin da na fahimta daga malamaina shi ne, hukuncin yana bin galibin zato: in abin da ya fi rinjaye shi ne kuɓuta, kuma mutum ya riƙi sababai, ya koyi aikin, ya bi ƙa'idarsa, ya tafi da wanda ya san wurin, to hukuncinsa hukuncin hawan teku ne, wanda malamai suka halatta. Wanda ya shiga da jahilci ko da alfahari, shi ne ya ɗauki alhakin ransa." Ya ce, "To, ka riƙi sababan da kyau, tawakkalin mu za mu taya ka." Sa'an nan ya ƙara da cewa tun yana yaro yake jin masunta suna ambaton babur ɗin Ɗalyan, wato jirgin Italiyawa, da ke wajen sha'abi, wato tudun murjani, amma bai taɓa haɗuwa da Bahaushen da ya gan shi da idonsa ba.

Tarihin jirgin ya cancanci a tsaya a kansa, domin wanda ya sauka bai san shi ba ƙarfe da tsatsa kawai zai gani. An ƙera shi a Hambug ta ƙasar Jamus a 1912, da sunan Bahia Blanca, tsawonsa ya ɗara mita 150, aikinsa na farko kuwa jigilar kaya da masu ƙaura daga Turai zuwa Ajantina. A 1935 gwamnatin Italiya ta saye shi, ta sauya masa suna zuwa Umbria, shekarar kuwa ba ɓoyayya ba ce ga mai bin tarihin Afirka, domin a watan Oktobanta ne Musolini ya afka wa Habasha, sojojinsa suka shiga Adis Ababa a watan Mayu na 1936, bayan jiragensu sun yi wa mayaƙa da talakawa ruwan bama-bamai da iskar guba, Sarki Haile Selassie ya je Janeba ya kai kuka gaban Majalisar Ƙasashe ba a share masa hawaye ba. Umbria yana cikin jiragen da suka yi ta kai sojoji gabashin Afirka a wannan zamani. A watan Mayu na 1940 aka yi masa lodi a tashoshin Italiya, aka zuba masa bama-bamai da ake ƙiyasta yawansu da 360,000, nauyinsu wajen tan 6,000, da akwatunan kunnen bam, da siminti, da wasu kayan gini da na masarufi, da motocin Fiat 1100 guda uku, ya nufi Musawwa da Asab a Iritiriya, ƙarƙashin kyaftin Lorenzo Muiesan.

Ranar 3 ga Yuni ya isa Bur Sa'id. Ingilishi, waɗanda mashigin Suwais ke hannunsu, sun san abin da ke cikinsa, sun kuma san Italiya tana dab da shiga yaƙi a gefen Jamus, amma tun da ba ta riga ta shiga ba, babu hujjar kama shi. Saboda haka suka yi ta jan ƙafa da shi, suna ƙirƙiro dalilan jinkiri, da ya fita kuma suka sa jirgin yaƙinsu Grimsby ya bi sawunsa. Ranar 9 ga wata, da ya kawo daidai Bur Sudan, aka tilasta masa ya saki anga a gefen tudun murjanin da ake kira Wingate, sunan tsohon gwamnan Sudan, sojojin ruwa daga jirgin Leander suka hau da sunan binciken haramtattun kaya, suka kwana a ciki. Kashegari, 10 ga Yuni, kyaftin yana sauraron rediyo a ɗakinsa ya ji cewa ƙasarsa ta shelanta yaƙi kan Ingila da Faransa, alhali baƙin da ke tsare da shi labarin bai iso musu ba tukuna. Ya san in gari ya waye jirgin da kayansa sun zama ganima. Sai ya ba manyan ma'aikatansa umarni a asirce su buɗe wa ruwa hanya daga ɗakin inji, shi kuma ya je ya nemi izinin hafsan Ingilishi a yi atisayen sauka a kwalekwalen ceto, aka ba shi. Kafin masu gadi su farga ruwa ya ci ƙarfin jirgin, ba abin da ya rage sai kowa ya tsira da ransa, masu tsaro da waɗanda ake tsaro gaba ɗaya. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Italiyawan suka ƙare a sansanin fursunonin yaƙi, jirgin kuwa ya kwanta a kan gefensa na hagu, inda yake har yau.

Da sassafe muka fita daga tasha cikin ƙaramin jirgi mai inji, tafiyar ba ta da nisa, gine-ginen gari da manyan ƙugiyoyin lodi ba su ɓace mana ba har muka isa. Ruwan ya sauya launi daga shuɗi mai duhu zuwa kore mai haske a kan murjani, sai ga wasu ƙarafa biyu-uku masu lanƙwasa sun leƙo saman ruwa, su ne maratayan kwalekwalen ceton nan da aka saukar ranar 10 ga Yuni. Jagoranmu, wani Basudane mai ƙarancin magana, ya zana jirgin a kan allo, ya nuna inda za mu shiga da inda za mu fita, ya ce goshin jirgin shi ne mafi zurfi, wajen mita 38, kimanin gaba ashirin ke nan da ɗoriya, sa'an nan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ba a taɓa kome, ba a ɗaukar kome, wanda ma'aunin iskarsa ya nuna saura 50 ya gaya mini, mu hau tare."

Ya kamata in yi wa mai karatu bayanin abin da ke sa wannan aiki ya zama mai ƙa'ida haka, domin da yawa suna zaton haɗarin nutso shi ne ƙarewar iska kawai, ko kifi mai cizo. Asalin mas'alar nauyin ruwa ce. Kowace mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kan jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya ɗungum, har in ya kai mita 30 yana ɗauke da ninki huɗu na abin da ya saba a tudu. Iskar da yake zuƙa daga tukunya ita ma a matse take zuwa ninki huɗu, don haka tukunyar da za ta daɗe a sama takan ƙare da wuri a ƙasa. Iskar da muke shaƙa kuwa mafi yawanta naitirojin ce, wadda jiki ba ya amfani da ita, amma a ƙarƙashin matsi takan narke ta shiga jini da tsoka, tana taruwa gwargwadon zurfi da daɗewa. In mutum ya taso da gaggawa sai ta tsiro kumfa a cikin jijiyoyi da gaɓoɓi, abin da kan kai ga ciwo mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Shi ya sa a mita 30 ba a wuce kimanin minti 20, shi ya sa ake hawa sannu-sannu, a tsaya minti 3 a mita 5 kafin a fito, kuma ba a shiga jirgin sama sai an ba jiki kusan yini da kwana ya fitar da abin da ya tara. Ba a riƙe numfashi kuma ko kaɗan yayin hawa, domin iskar da ke huhu tana buɗewa ne yayin da matsi ke raguwa. Ga kuma wani abu mai kama da maye da naitirojin ke jawowa daga wajen mita 30, mutum ya ji daɗi da sakaci a inda ya fi bukatar hankalinsa. Na'urar da ta sauƙaƙe duk wannan, wadda ke ba mutum iska daidai da matsin ruwan da yake ciki, Faransawa biyu ne suka ƙera ta a 1943, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, a tsakiyar yaƙin nan da ya nutsar da Umbria.

Na sa rigar roba, na ɗaura ɗamarar dalma, aka taya ni saɓa tukunya, na yi bismilla na faɗa. Abin da ya fara zuwa shi ne ƙarar numfashina, zuƙa da fitar kumfa, ba wani sauti bayansa sai ƙas-ƙas ɗin kifayen da ke gurgurar murjani. Muka bi igiya muna sauka, ina toshe hanci ina hurawa don kunnuwa su buɗe, sai gefen jirgin ya bayyana a ƙarƙashinmu, faffaɗa, ya miƙe gaba da baya har inda ido ya gaza, murjani mai tauri da mai taushi ya lulluɓe shi, jerin tagoginsa masu zagaye suna kallon sama. Muka gangara ta ƙeyarsa, inda farfelar dama take a sarari ba ta taɓa ƙasa ba, kowane reshe nata ya fi tsawon mutum, ga kuma allon juya jirgi tsaye kusa da ita kamar bangon gida. Ja shi ne launin da ruwa ke fara haɗiyewa, saboda haka kome a nan shuɗi ne da toka-toka, sai in ka haska tocila a ga ashe abin da ka ɗauka baƙi ja ne wur, ko ruwan goro, ko rawaya.

Daga nan muka shiga ma'ajiyar kaya ta baya. Da yake jirgin a kan gefe yake kwance, abin da yake bango dā shi ne ƙasa yanzu, ƙofa takan zo a saman kai, matakala ta tafi a kwance, hankali yakan ɗauki lokaci kafin ya yarda da abin da ido ke gaya masa. Na haska tocila gabana, na ga abin da ya kawo ni. Bama-bamai ne jere, sahu bisa sahu, kai da gindi, an shirya su da kyau da tsari kamar yadda manomin kirki yake jera dammunan gero a rumbu don kada wuri ya tafi a banza, wasu suna nan yadda masu lodi suka ajiye su a Italiya, wasu sun zube sun taru a kusurwa lokacin da jirgin ya kife. Laka mai laushi ta rufe su, kaurin yatsa, in ƙafar mutum ta kaɗa kusa sai ta tashi ta turnuƙe wurin, shi ya sa ake tafiya a hankali, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a naɗe a ƙirji. Na matsa kusa da ɗaya har ina ganin zoben da ake rataye shi da shi a cikin jirgin sama, da ramin da ke bakinsa inda za a ɗaura kunnensa, wani ɗan kifi mai ɗigo-ɗigo ya mai da ramin gidansa, yana leƙowa yana komawa. Na kai hasken tocila iyakar inda zai kai, ban ga ƙarshen jerin ba. A nan ne na ji numfashina ya sauya, na duba ma'auni na ga allurar tana sauka fiye da ƙa'ida, na tsaya na daidaita kaina, jagora ya juyo ya haɗa yatsa biyu yana tambaya ko lafiya, na mayar masa da alamar.

Sauran abubuwan da ke ciki, waɗanda masu yawon buɗe ido suka fi ɗaukar hotonsu, mun gan su a saukar da muka yi daga baya: buhunan siminti da suka daskare suka zama duwatsu, takardar ta ruɓe amma siffar buhu tana nan, tulin kwalaben giya, naɗe-naɗen wayar lantarki, da motocin nan uku a wani lungu mai duhu ƙirin a tsakiyar jirgin, jere da juna, da sitiyarinsu da fitilunsu da tayoyinsu, an yi odarsu domin wasu manya a Asmara ko Adis Ababa da ba su taɓa hawansu ba. Mun bi wani dogon lungu inda hasken rana ke saukowa ta tagogin sama igiya-igiya, dubban ƙananan kifaye masu ruwan azurfa suna buɗe mana hanya suna rufewa a bayanmu. Yana da kyau ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma zuciyata ba ta bar ma'ajiyar baya ba.

Da muka fito, lokacin azahar ya yi, na yi alwala da ruwan teku, wanda jumhurun malamai suka tabbatar da tsarkinsa da tsarkakewarsa, na fuskanci arewa maso gabas, domin daga nan Makka ba ta gabas sosai kamar yadda muka saba a gida, tsakaninmu da Jidda kuma bai fi kilomita 300 ba. Bayan na sallame na zauna ina lissafin da ban ji kowa a cikin jirgin yana yi ba, wato kan wa aka nufa da waɗannan bama-bamai. Da sun isa Musawwa, da an ɗora su a jiragen saman Italiya, waɗanda a watannin da suka biyo baya suka kai hari Bur Sudan kanta da Atbara da Kasala, garin da sojojinsu suka kama ranar 4 ga Yuli na 1940, garuruwan da duk akwai Hausawa a cikinsu. Da sun sauka a kan ƴan kishin Habasha da ke cikin duwatsu. Da sun sauka kuma a kan sojojin Najeriya, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, da yawansu ma ƴaƴan ƙasar Hausa ne, waɗanda Ingilishi suka kwasa zuwa Kenya, suka shiga Mugadishu ranar 25 ga Fabrairu na 1941, suka kutsa har Harar, aka buɗe Adis Ababa a watan Afrilu, Haile Selassie ya koma gadonsa ranar 5 ga Mayu. Mu a Nijar a lokacin muna hannun Faransawan Vichy, masu bin Jamus, an tsananta tsaron iyaka tsakaninmu da ƴan'uwanmu na Katsina da Sakkwato, amma jini ɗaya ne, wanda aka ɗauka soja a Katsina yana da dangi a Maraɗi.

To, da Ingilishi ne suka riga kyaftin jin labari suka kama jirgin fa? Da sun juya bama-baman sun zuba su a kan Karan da Asmara da Musawwa, inda mafi yawan waɗanda za su mutu askarawan Iritiriya ne da talakawan garuruwan. Ko ta hannun wa suka bi, a kan ƙasar Afirka za su sauka, a rigimar da ba ƴan Afirka suka tayar ba. Ba na ɗaukar Muiesan a matsayin mai jin ƙanmu, domin ba don tausayin Habashawa ko Sudaniyawa ya buɗe wa ruwa hanya ba, ya yi ne don kada makamin ƙasarsa ya faɗa hannun abokin gaba, ƙasar tasa kuwa azzaluma ce a wannan yaƙi. Amma Ubangiji yakan gudanar da rahamarsa ta hannun wanda bai nufe ta ba, kuma ina da yaƙinin cewa akwai zuriya masu yawa a yau, a Kasala da Gondar da Kano, waɗanda kakanninsu suka rayu saboda tan 6,000 ɗin nan bai isa hannun kowa ba.

Abin da ya dame ni, wanda kuma ya sa na ga wajibi ne in rubuta wannan da Hausa, shi ne yadda labarin ya zama kayan baƙi. Tun da Hans Hass, mutumin Ostiriya, ya nutsa a kan jirgin a 1949 ya ɗauki hotunansa, Cousteau kuma ya zo a 1963 ya kafa gidajensa na ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, arewa da nan, inda mutanensa suka zauna wata guda a zurfin mita 10, Turawa suka yi ta zuwa wannan gaɓa har zuwa ɓarkewar yaƙin Sudan, Italiyawa musamman, suna kwana a jiragen haya suna zagaya Sanganib da sauran tuddan murjani. Ban ga laifinsu ba, sun san darajar abin ne suka zo. Amma a jirginmu ƴan ƙasa su ne masu tuƙi da dafa abinci da cika tukwane. Yaron da ke cika mana iska, da ya ji ina waya da Hausa, ya saki abin da yake yi ya zo ya gaishe ni, ashe kakanninsa daga wajen Haɗeja suka fito. Ya ce, "Kawu, da gaske akwai motoci a ciki?" Shekarunsa yana ɗaukar tukwanen masu zuwa kallonsu, yana iyo kamar kifi, amma kuɗin koyo da na takarda sun fi ƙarfinsa. Da na koma masauki na nuna wa Baba hotunan, ya kira ƴaƴansa da jikokinsa, ya sa na maimaita labarin tun daga Hambug, ya ce shekarar da jirgin ya nutse ubansa yana dako a tashar nan.

Masu jiragen suna faɗin cewa bayan yaƙi ƙwararrun Ingilishi sun duba kayan, suka ga barinsu ya fi taɓa su aminci, suka kuma yi gargaɗin cewa in suka tashi gaba ɗaya ɓarnar za ta kai cikin gari. Kunnuwan dai a ware suke da bama-baman, kuma fiye da shekara 80 ke nan ba abin da ya motsa.

Wutar da ta zo wa Sudan daga baya ba daga teku ta fito ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu na 2023 ya kori gwamnati daga Hartum ta koma Bur Sudan, garin ya cika da masu gudun hijira, a watan Mayu na 2025 kuma jirage marasa matuƙa suka kai hari filin jirgin samansa da rumbunan mansa. Gidan da na sauka yanzu yana ɗauke da dangin da suka gudo daga Wad Madani da Sinnar. Ina roƙon duk mai karanta wannan a Gobir da Katsina da Damagaram da Kano, wanda ya san yana da jini a hanyar gabas, ya nemi lambarsu ya kira, ya aika da abin da Allah ya hore masa, in kuma akwai sauran tsoho a cikinsu da ya riski zamanin tafiyar ƙafa, a sa yaro ya zauna gabansa da alƙalami ya rubuta garuruwan da ya bi da sunayen waɗanda aka binne a hanya.